IGIYA BA GYARA BA CE: Yadda Ake Ɗora Karyayyen Hinjin But Na Tsohuwar Mota

Duk wanda ya saba shiga tashoshin mota a garuruwan ƙasar nan ba zai rasa ganin wata tsohuwar mota ba wadda aka ɗaure murfin but ɗinta da igiya ko da tsagin robar taya. Murfin ya karkace, gefe guda ya ɗaga, ɗaya gefen ya nutse, in motar ta faɗa rami sai a ji shi yana ƙwal-ƙwal kamar tsohon kwano. In an tambayi direba, amsar ba ta wuce cewa makulli ne ya lalace. Sau da yawa kuwa makullin ba shi da laifin komai. Abin da ya karye shi ne hinji, watau ƙarfen nan mai gaɓa wanda ya haɗa murfin da jikin mota, wanda kuma a kansa murfin yake juyawa in an buɗe ko an rufe.

Ƙarfe ne ɗan ƙarami, a yawancin motoci ma yana ɓoye ne can ƙarƙashin gilashin baya inda ido ba ya kaiwa, saboda haka ba a tunawa da shi sai ranar da ya ba da. Amma ga mutumin da yake riƙe da motar da ta shekara 40 ko 50, wadda kamfaninta ya daɗe da daina ƙera irinta, karyewar wannan ƙarfe ba ƙaramin al'amari ba ne. Ba a shiga kanti a sayo sabo. Tilas ne a nemi tsoho mai lafiya, ko kuwa a ɗora wanda ya karye, kuma a wajen ɗorin nan ne mutane da yawa suke yin hasarar gilashi, da fenti, wani lokaci har da motar ɗungurungum.

Motar da ta fi kowace shiga wannan magana a Nijeriya ita ce Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. An fito da ita a Faransa cikin 1968, ta ci lambar motar shekara ta Turai cikin 1969, sa'an nan cikin 1975 ta lashe tseren nan mai wuya na Safari a Afirka ta Gabas. A cikin 1975 ɗin ne kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammed cikin 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan ma'aikata, daga nan ta gangaro hannun 'yan kasuwa da malaman makaranta da direbobin haya. Turai ta daina ƙera ta cikin 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har 2006. Watau ke nan ko autar cikinsu yanzu ta manyanta, manyan yayyenta kuwa sun zama kayan tarihi. Waɗanda suka rage a hannun mutane kashi biyu ne: akwai masu neman abinci da su har yanzu a hanyoyin karkara, akwai kuma waɗanda suka gaje su daga iyaye suka ƙi rabuwa da su. Dukansu matsalar hinji ɗaya take cin su.

ABIN DA KE KARYA SHI

Ƙarfe yana gajiya. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke a hannunsa ya ga abin da idonsa. Ba lanƙwasa ɗaya ce take tsinka ta ba, maimaitawar ce. Haka hinji yake. An ƙera shi ne domin ya ɗauki nauyin murfi na 'yan daƙiƙoƙi sa'ad da ake sa kaya ko ake fitarwa. In an rufe, makulli da robar bakin but su ne suke riƙe murfin, hinji ya huta. To, amma motar haya da aka cusa wa buhun masara biyu da jarkar manja da ƙunshin doya, aka bar murfin a buɗe aka ja shi da igiya, ta ɗauki hanyar Zariya zuwa Funtuwa ko Jos zuwa Bauci, hinjinta bai huta ba ko na minti ɗaya. Kowane rami, kowace gargada, murfin yana bugawa sama da ƙasa, nauyinsa duka yana sauka a gindin hinji. Tun ba a ganin komai, sai wani siririn layi kamar gashi ya bayyana kusa da ramin kusa ko a gwiwar ƙarfen, ya yi ta tafiya a hankali har ranar da zai raba shi biyu.

Na biyu shi ne tsatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: da zarar robar gilashin baya ko ta bakin but ta bushe ta tsattsage, ruwan damina yakan bi ta nan ya kwanta daidai inda aka ɗaure hinji da jikin mota. Motocin da suka yi zaman Ikko ko Fatakwal ko Kalaba, inda iska take da laima da gishiri, sun fi na Arewa shan wannan wahala. Na Arewa kuwa ƙurar hunturu ce take shiga gaɓar, ta haɗu da busasshen giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta yi ta cin sandar da hinjin yake juyawa a kanta har rami ya yi faɗi, murfi ya fara rawa. Akwai kuma hinjin da ya cije saboda shekaru ba a ɗiga masa mai ba, mai mota ya sa ƙarfi ya danna, ƙarfen ya lanƙwashe.

Dalilin da ya sa ya kamata mai mota ya san waɗannan shi ne, kalmar "ya karye" tana ɗauke da cuta huɗu dabam-dabam. Ko dai hannun hinjin ne ya tsage, ko sandar gaɓa ce ta cinye, ko sifirin da ke taimakon ɗaga murfi ne ya tsinke, ko kuwa hinjin lafiyarsa lau, kwanon da aka ɗaure shi a kai ne ya ruɓe ya yage. Kowace da maganinta. Mai waldar da ya kunna wuta tun bai duba ya gane wacce ce a ciki ba, ba gyara zai yi ba.

KAFIN A KUNNA WUTA

Gyaran kirki yakan fara ne da fensir. Gwanin fanel-bita yakan zagaye gindin hinjin da layi, a jikin murfi da jikin mota, tun bai taɓa sifana ba. Ramukan kusoshin hinji an yi su da ɗan tsawo da gangan domin a iya matsar da murfi gaba ko baya, saboda haka in aka kwance ba tare da alama ba, aikin minti goma wajen mayarwa sai ya koma na yini guda. Sa'an nan a shimfiɗa bargo ko tsohon buhu tsakanin bakin murfin da gilashin baya, a samu mutum biyu su riƙe, ɗaya dama ɗaya hagu. Murfin but ba shi da nauyin a zo a gani, amma in kusar ƙarshe ta fita yakan zame gaba, kuma abin da ke gabansa gilashi ne. Gilashin baya na tsohuwar mota in ya fashe yakan watse ne kamar tsakuwa, nemansa kuwa ya fi neman hinjin wuya da tsada.

Sai maganar sifirin, kuma nan ne wurin da yake raunata mutane. Motocin yanzu da yawa suna amfani da ɗan bututu mai iska wajen tallafe murfi. Na dā ba haka suke ba. Waɗansu suna da sifirin mai naɗi, waɗansu kuwa dogayen sanduna biyu ne na ƙarfe da suka gitta juna a ƙarƙashin allon da ke bayan kujerar baya, kowace an maƙale kanta ɗaya a jikin mota, ɗayan a hannun hinji. In an rufe murfi sandar takan murɗe, in an buɗe ta warware ta tura shi sama. Ƙarfin da ke cikin murɗaɗɗiyar sandar nan ya isa ya karya yatsa ko ya fasa ido. Saboda haka ba a cire ta sai murfi yana buɗe iyakar buɗewa, an tokare shi da itace, domin a lokacin ne ƙarfinta ya fi raguwa, kuma da doguwar ƙugiya ake zare ta, fuska tana gefe. A sa wa ta dama da ta hagu alama, gama ba sa musanya wuri. In sandar ce ta tsinke, to, babu batun walda. Ƙarfen sifirin da wuta aka hore shi, in ya sake shan wuta horon ya tafi, ko dai ya yi laushi ya daina turawa, ko ya sake ɓallewa a gefen ɗorin. Sai dai a nemi wata.

Kusoshin da tsatsa ta cije a jiƙa su da man kwance tsatsa ko kananzir tun daren jiya. Wanda ya yi gaggawa ya murɗe kan kusa ya ƙara wa kansa aiki, domin notin da take shiga ciki a manne yake a cikin ramin kwano inda hannu ba ya shiga.

Abin da ba a yin sassauci a kansa shi ne wannan: a fitar da hinjin daga mota kafin a yi masa walda. Sau da yawa akan ga mai walda ya zura kai cikin but da wuta a hannu don gudun wahalar kwancewa. A yawancin motocin wancan zamani tankin mai yana can baya, kusa da but ko ƙarƙashinsa, da bututunsa na zuba mai da na numfashi. Tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne yake kamawa, kuma tururin ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan but. Ga kuma kujerar baya da soso da wayoyin fitilu. In gyaran na jikin motar ne, wanda babu yadda za a ɗauke shi a kai teburi, to, tilas a sauke tanki, a cire kujera, a cire kan batir, a ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa. Mai motar da ya ga ana shirin yin sabanin haka, ya fi masa alheri ya biya kuɗin sallama ya ja motarsa.

WANE IRIN ƘARFE NE?

Ba kowane hinji ne yake karɓar walda ba, kuma maganaɗisu shi ne alƙali. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, ana iya ɗora shi. In bai kama ba, a dakata. Motar Morris Minor ta Ingila, wadda aka ƙera daga 1948 zuwa 1971, wadda kuma ta yi aikin tasi a biranen ƙasar nan, hinjinta a waje yake, yana ƙyalli kamar azurfa, amma cikinsa zubin tutiya ne da aka shafe da ƙyalli. Irin wannan ƙarfe yana narkewa a zafin da bai kai digiri 400 ba. Baƙin ƙarfe sai wajen digiri 1,500, harshen wutar gas ta masu walda kuwa ya haura 3,000. Kafin mai walda ya ankara hinjin ya zama ruwa ya ɗige ƙasa. Akwai sandunan lilo masu ƙaramin zafi da ake manne irinsa da su, amma mannin ba ya jure nauyi da jijjiga. Abin yi shi ne a nemi wani, gama har yanzu ana ƙera kayan gyaran wannan mota a Ingila, ko kuwa a kai wa gwanayen zubi su zuba irinsa da tagulla. Zubin gorar ruwa irin na tukwane ba zai daɗe ba.

In baƙin ƙarfe ne kuma ya tsage bai rabu ba, sai a goge shi tas, a bi tsagar har inda ta ƙare, a huda ɗan ƙaramin rami daidai ƙarshenta. Wannan rami shi yake hana ta ci gaba da tafiya. Sa'an nan a fafe bakin tsagar da magagari ko dutsen gurza ya zama kamar kwari, domin narkakken ƙarfe ya shiga har ciki. Waldar da aka shafa a sama kamar man shanu a kan tuwo kyan gani gare ta kawai, cikinta tsagar tana nan.

In ya rabu biyu, wahalar ba ta ɗorin ba ce, ta siffa ce. Hannun hinji a lanƙwashe yake kamar wuyan agwagwa domin ya kewaye bakin but in an buɗe, kuma in lanƙwasar ta kauce ko da kaɗan ne a gindi, kafin ta kai ƙarshen murfi ta zama tazarar da yatsa zai shiga. Dabarar da gwanaye suke yi ita ce su ɗauki hinjin ɗaya gefen mai lafiya su kwantar da shi a kan kwali ko allo su zana siffarsa, su juya zanen, su daidaita gutsattsarin biyu a kansa su matse su. A ɗiga walda a wuri biyu ko uku, a sake gwadawa, sa'an nan a cike, ana yi ana juyawa gefe da gefe domin kada zafi ya ja ƙarfen wuri guda. A bar shi ya huce da kansa. Al'adar nan ta tsoma jan ƙarfe cikin ruwa don a yi saurin miƙa wa mai shi tana sa ɗorin ya yi gautsi. Ana iya ƙara masa ɗan ƙarfe a ciki don ƙarfafawa, amma a yi shi da tsawo ya wuce ɗorin ta kowane gefe, bakinsa a feƙe, kuma a tabbata ba zai gogi jikin mota ba in murfi yana sauka.

Gaɓar da ta cinye ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi ɓatawa. Sau da yawa akan zura ƙusa ko guntun rodi a lanƙwashe bakinsa a ce an gama. Gyaran gaskiya shi ne a fitar da tsohuwar sandar, a kai wa mai injin gurza ƙarfe ya daidaita ramin ya koma da'ira, ya sa masa zoben tagulla, ya gurza sabuwar sanda daidai da shi. In za a yi amfani da kusa mai noti, a nemi mai ƙarfi, irin wadda aka buga wa lamba 8.8 a ka, kuma sashenta mai santsi ne zai zauna cikin gaɓar. Sashe mai zare zai ci ramin kamar zarto.

Wanda ya fi duka cin lokaci shi ne ruɓaɓɓen kwano. Kaurin kwanon jikin mota bai cika kai milimita ɗaya ba, saboda haka waldar lantarki mai sanda, irin ta ƙofa da taga, huda shi take yi. Sai wutar gas a hannun mai haƙuri, ko injin walda mai waya. A yanke duk inda tsatsa ta ci har a kai ƙarfe mai rai, a sa sabon faci, a ƙara faranti mai ɗan kauri a bayansa da noti a manne, domin nauyi ya bazu. Cike wurin da fotin fanel-bita a shafe da fenti yaudara ce, kuma mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya kai maganaɗisunsa nan ma.

Wanda ya zaɓi neman tsohon hinji maimakon ɗori, kasuwannin da aka saba su ne Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Ikko. Ya tafi da nasa karyayyen a hannu, ya gwada rami da rami, ya girgiza gaɓar ya ji ko tana rawa, gama motar da aka ciro shi a jikinta ita ma wataƙila igiya ta sha.

MAYARWA

Bayan an shafa jan fentin hana tsatsa ya bushe, an sa giris a gaɓa, sai a mayar da murfi bisa layin fensir, a ɗaura kusoshi sako-sako. A sauke murfin a hankali ana duban tazarar da ke tsakaninsa da jikin mota, ta zama daidai hagu da dama, kamar milimita 4 zuwa 5, kada bakinsa ya taɓi gilashi. Hinji ake fara daidaitawa, makulli ya biyo baya. Waɗanda suke yin akasin haka suna tilasta wa makulli ya jawo karkataccen murfi, hinjin da aka ɗora jiya ya koma cikin wahalar da ta karya shi.

Akwai dalilin da ya fi kyan gani muhimmanci a wannan daidaitawa, kuma direbobi kaɗan ne suka san shi. Sa'ad da mota take gudu, iskar da ke bayanta takan yi juyi ta dawo ta manne da ita, shi ya sa bayan mota ya fi gabanta ƙura. Hayaƙin salansa a cikin wannan juyi yake fita. In murfin but bai zauna a kan robarsa ba, hayaƙin yakan shiga but, ya bi ta bayan kujera ya iske fasinja, balle in an sauke gilashin gaba, wanda yake ƙara zuƙo shi. A cikin hayaƙin akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tsofaffin injuna masu kafireto kuwa sun fi na yanzu fitar da ita nesa ba kusa ba. Alamarta ciwon kai ne da jiri da barci. Yaran da ke kujerar baya su take fara kamawa, direban da ta sa gyangyaɗi a kan doguwar hanya kuwa, sai a ce gajiya ce.

Masu Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Ojo ta Ikko cikin 1975, wadda Yarbawa suka laƙaba wa Ijapa, watau kunkuru, nasu lissafin dabam ne. But ɗinta a gaba yake, tankin mai yana ƙarƙashinsa kai tsaye, murfin da bai kamu ba kuwa in iska ta ɗaga shi gilashin direba yake rufewa.

Gwajin ƙarshe ba ya cin ko kwabo. A sa takarda a bakin roba a rufe murfi a ja ta. In ta zare ba tare da cijewa ba, wurin bai zauna ba. A yi haka a kowace kusurwa. Sa'an nan a shimfiɗa busasshiyar jarida a cikin but, a rufe, a kwarara ruwa daga saman gilashin baya, a buɗe a duba. In jaridar ta jiƙe ta wajen hinji, robar ce za a canja tun damina ba ta faɗi ba. Bayan mako biyu ana hawa, a sake bin kusoshin da sifana, a ɗiga wa gaɓar mai, a kuma riƙa maimaita ɗigon duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai.